Bugun Zuciya, Rawar Hannu da Rama Bayan Haihuwa: Tunani ne ko Ciwo?

Wata mai karatu ta rubuto tana cewa: "Shekaruna 31, kuma wata bakwai ke nan da na haifi ɗana na biyu. Tun wajen wata uku da suka wuce zuciyata take bugawa da ƙarfi ko da ina zaune ban yi aikin komai ba. Hannuwana suna rawa har na kasa zura zare a allura, ina gumi a lokacin da kowa ke neman abin rufa, barci ya ƙaurace mini, kuma abu kaɗan ke sa ni fushi ko kuka. Ina cin abinci fiye da da, amma sai ƙara ramewa nake yi. Maigidana da mahaifiyata sun ce tunani ne da wahalar reno, in na kwantar da hankalina zai wuce. Wata ƙawata kuma ta ce matsalar homon ce. Na kasa gane bambancin, kuma ina jin kunyar in je asibiti a ce mini lafiyata ƙalau. Me ke faruwa a jikina, kuma me ya kamata in yi?"

'Yar'uwa, Allah ya raya yaro, ya kuma ba ki lafiya. Zan gabatar da shawarar kafin bayani domin ita ce ta fi gaggawa: ki je asibiti a cikin wannan mako, ki nemi a yi miki gwajin jini da ake kira TSH, mai duba aikin tayirod, wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, a kuma duba ko kina da ƙarancin jini. Ba a gano ciwo ta hanyar wasiƙa, amma abubuwan da kika lissafa, musamman rama tare da yawan ci, da jin zafi a lokacin da wasu ke jin sanyi, sun isa su sa likita ya nemi wannan gwaji ba tare da an roƙe shi ba. Batun kunya kuwa ki ajiye shi gefe, domin gwajin da ya nuna lafiya ma ya yi aikinsa, tunda ya rufe ƙofa ɗaya ya nuna inda za a duba na gaba.

Mutanen gidanki da ƙawarki suna magana ne a kan hanyoyi biyu da jiki ke bi wajen isar da saƙo daga wannan sashe zuwa wancan, kuma idan kika fahimci yadda kowace ke aiki, za ki gane dalilin da ya sa na karkata ga maganar ƙawar taki ba tare da na ce mahaifiyarki ta yi kuskure gaba ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce ta jijiyoyin saƙo, waɗanda ba jini ke gudana a cikinsu ba. Cibiyarsu ƙwaƙwalwa ce, mai ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, sai laka da ta sauko daga gare ta ta bi cikin ƙashin baya. Jijiyoyi 12 ke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare, hagu da dama, 31 kuma daga laka a kowane ɓangare, su yi ta rassa har su kai ga fata da tsoka da kayan ciki. Saƙon da ke bin su na lantarki ne, kuma a manyan jijiyoyin da ke da rufin kitse gudunsa yakan kai mita 120 a sakan ɗaya. Shi ya sa idan hannunki ya taɓa tukunya mai zafi kike janye shi kafin ki ji zafin sosai: saƙon ya isa laka, laka ta ba tsoka umarni nan take, sannan labari ya ƙarasa ƙwaƙwalwa. A ƙarshen kowace jijiya akwai ɗan rata tsakaninta da abin da take yi wa magana, kuma lantarki ba ya tsallake wannan rata a mafi yawan wurare, sai dai jijiyar ta fesa wani sinadari ya ƙetare. Wani masani mai suna Otto Loewi ne ya tabbatar da haka a birnin Graz na Ostiriya a 1921, da zukatan kwaɗi biyu. Ya motsa jijiyar da ke rage bugun zuciyar farko har ta yi sanyi, sannan ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, sai ita ma ta rage gudu. Sinadarin da ke cikin ruwan shi ne asitilkolin, kuma abin da ya kamata ki riƙe game da shi shi ne jiki na rusa shi a cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Saƙon jijiya yana zuwa da sauri, ya nufi wuri ɗaya, ya kuma ƙare da sauri.

A cikin wannan tsari akwai sashen da ba ya jiran izininki, wanda ke kula da bugun zuciya da numfashi da narkar da abinci da gumi, kuma reshe biyu gare shi. Ɗaya na zaburarwa ne, yana ƙara bugun zuciya, ya buɗe hanyoyin iska, ya tsayar da aikin hanji. Ɗayan na kwantarwa ne, kuma babbar jijiyarsa ita ce bagus, wadda Loewi ya motsa, ta goma a cikin waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Zuciya tana da nata wurin da ke tsara bugu, wanda in an bar shi shi kaɗai zai riƙa bugawa kusan sau 100 a minti, amma jijiyar bagus tana rage masa sauri dare da rana, shi ya sa mai lafiya da ke hutawa yawanci ake samun bugunsa tsakanin 60 da 80.

Hanya ta biyu ita ce ta homon. A nan babu wata jijiya da ke haɗa mai aikawa da mai karɓa. Wasu ƙananan gaɓoɓi ne, waɗanda za mu iya kira maɓuɓɓugan homon, ke haɗa sinadari su zuba shi a cikin jini, jini kuma ya zagaya da shi jiki duka a cikin kimanin minti ɗaya. William Bayliss da Ernest Starling ne suka fara nuna wannan a Landan a 1902, lokacin da suka yanke jijiyoyin wani yanki na hanjin kare, suka zuba masa ruwa mai tsami, sai suka ga fankiriyas ta fitar da ruwan narkar da abinci duk da haka, alamar cewa ta jini saƙon ya bi. Idan saƙon jijiya kiran waya ne zuwa ga mutum ɗaya, to homon sanarwar rediyo ce: tana ratsa kowane gida, amma wanda ke da akwatin rediyo a kunne ne kawai ke jin ta. Kowace ƙwayar halitta tana da makarɓa na wasu homon ban da wasu, kuma yawan makarɓan nan yana iya ƙaruwa ko raguwa, batun da za mu dawo kansa domin shi ne zuciyar matsalarki. Daga cikin maɓuɓɓugan akwai fituwitari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da tayirod a wuya, da adirinal guda biyu a saman ƙoda, da fankiriyas mai samar da insulin, da mazaunin ƙwai a jikin mace.

Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne su ɗauka hanyoyin nan biyu rabe suke, wato ciwo ko dai na tunani ne ko na jiki. Ke kanki kina ganin haɗuwarsu kullum. Idan yaronki ya kama nono, jijiyoyin da ke kan nonon ne ke kai saƙo ga wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, shi kuma ya sa fituwitari, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ta saki homon oksitosin a cikin jini, oksitosin ya isa nono ya matse ƙananan jakunkunan da ruwan ke ciki, sai ki ji ya kawo. Rabin tafiyar ta jijiya ce, rabi ta jini. Wani lokaci ma kukan yaron kawai za ki ji daga wani ɗaki ki ga rigarki ta jiƙe, ba tare da kowa ya taɓa ki ba, wanda ke nuna cewa abin da kunne ya ji ko zuciya ta raya yana iya juyewa ya zama sinadari a cikin jini. Wannan oksitosin ɗin ne kuma ke matse mahaifa, shi ya sa mai jego kan ji murɗar mara yayin shayarwa a kwanakin farko.

Tsoro ma haka yake aiki, kuma a nan ne maganar mahaifiyarki ke da tushe. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko na gaske ko wanda tunani ya ƙirƙira, haifotalamus yana tayar da reshen zaburarwa, zuciya ta ƙara gudu a cikin sakan ɗaya ko biyu. Wata jijiya kuma tana zuwa kai tsaye cikin tsakiyar adirinal ta sa ta zuba adiranalin a jini, sai baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, hanta ta saki sukari, jini ya janye daga fata zuwa manyan tsokoki, hannu ya ɗauki rawa. Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana wannan shiri tun 1915 a matsayin tanadin jiki na yin faɗa ko gudu. Bayan wannan akwai kotisol, wanda ɓawon adirinal ke fitarwa bisa umarnin fituwitari, shi kuma sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙololuwa, kuma aikinsa ya fi daɗewa. Saboda haka mace mai reno, wadda ba ta samun isasshen barci kuma damuwa ta yi mata yawa, tana iya samun faɗuwar gaba da rawar hannu da saurin fushi na haƙiƙa, ba na ƙarya ba. Sai dai adiranalin ba ya daɗewa, domin rabinsa na ɓacewa daga jini a cikin minti biyu zuwa uku. Firgici mai tsanani yakan kai iyakarsa a cikin kimanin minti goma sannan ya fara sauka. Alamun da damuwa ke haifarwa suna hawa suna sauka, suna tsananta idan abin damuwar ya taso, su lafa idan hankali ya ɗauku zuwa wani abu ko barci ya yi nauyi. Ke kuwa kin kwatanta abin da ya shafe wata uku bai ɗaga ƙafa ba, har da lokacin da kike zaune ba ki tunanin komai.

Abin da ke iya riƙe jiki a wannan hali tsawon watanni ba hutu, homon ne mai daɗewa a jini, kuma na farko da za a tuhuma shi ne na tayirod. Tayirod tana gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, nauyinta wajen giram 20, kuma ita ce idan ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Tana amfani da sinadarin aidin ta haɗa tayiroksin, wanda Edward Kendall ya fara tacewa a Amurka a 1914. Aikin tayiroksin shi ne tsara saurin da kusan kowace ƙwayar halitta ke ƙona abinci ta samar da ƙarfi da ɗumi. Rabin abin da ke cikin jini yau sai bayan kimanin kwana bakwai zai ƙare, ki kwatanta wannan da minti uku na adiranalin. Idan ya yi yawa, jiki na ƙona abinci fiye da yadda ake ba shi, sai ga yunwa da rama a tare. Ƙonawar tana haifar da zafi, sai ga gumi da ƙin abin rufa. Hanji na ƙara sauri, sai yawan zuwa bayan gida. Tsokar cinya da ta kafaɗa na raunana, har mace ta ga tashi daga tsugune ko hawa matakala ya zama aiki.

Ga kuma abin da ke rikita mutane, har da ma'aikatan lafiya wani lokaci. Tayiroksin mai yawa yana ƙara yawan makarɓan adiranalin a zuciya da wasu sassan jiki. Adiranalin ɗin da ke jinin bai ƙaru ba, amma masu sauraronsa sun ƙaru, saboda haka ɗan abin da a da ba ya motsa zuciya yanzu sai ya sa ta gudu. Mutum ya wayi gari da duk alamun tsoro alhali babu abin da ya tsorata shi. Ƙwaƙwalwa kuma, da yake tana karɓar rahoto daga zuciya a kowane lokaci, idan ta ji bugun ya yi yawa sai ta fassara shi da cewa akwai haɗari, ta shiga neman dalili, ta kama duk abin da ke kusa: lafiyar yaro, wata magana da aka faɗa jiya, aikin da ba a gama ba. Don haka fargabar da kike ji gaskiya ce, kuma waɗanda suka ce suna ganin damuwa a fuskarki ba ƙarya suka yi ba, amma mai yiwuwa ne damuwar ta biyo bayan bugun zuciyar maimakon ta haifar da shi. Wadda ke cikin wannan hali, in aka ce ta kwantar da hankalinta, an ɗora mata aikin da ba ya hannunta, kuma idan ta kasa sai ta ƙara da zargin kanta.

Kafin ranar zuwa asibiti akwai abin da za ki iya dubawa da kanki, wanda zai taimaki likita. Da safe, kafin ki sauko daga gado, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ta gefen babban yatsa, ki ƙirga bugun na cikakken minti ɗaya, ki rubuta. Ki roƙi maigidanki ya yi miki irin wannan ƙirga a lokacin da barcinki ya yi nisa. Bugun mai damuwa yakan sauka idan ta yi barci, domin reshen kwantarwa ya karɓi aiki, amma na mai yawan tayiroksin yakan zauna sama, sau 90 ko fiye, ko tana barci. Ki lura kuma ko bugun yana tafiya daidai ko yana tsalle. Tafin hannun mai fargaba yawanci sanyi gare shi da danshi, saboda jini ya janye daga fata, na mai matsalar tayirod kuwa ɗumi gare shi da danshi. Ki miƙe hannuwanki gaba, ki buɗe yatsu, a ɗora takarda a bayansu: rawar da ido ba ya gani sosai za ta bayyana a gefen takardar. Ki tsaya gaban madubi ki kurɓi ruwa, ki ɗaga haɓa, ki duba ko akwai kumburin da ke hawa da sauka a ƙasan maƙogwaro yayin haɗiya. Idan idanunki sun fara fitowa, ko suna yi miki kamar da yashi a ciki, ko kina ganin abu biyu-biyu, wannan ma ki faɗa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke maye gurbin gwajin jini, amma wadda ta shiga ɗakin likita da lambobi a rubuce ba a cika sallamarta da cewa gajiya ce ba.

Na ambaci gajiya ne da gangan, domin ita ce ke ɓoye wannan ciwo a jikin masu jego. Shayarwa kanta tana cin ƙarin kalori kimanin 500 a rana, saboda haka yunwa da ɗan raguwar nauyi ba abin mamaki ba ne, kuma rashin barci da zubewar gashi da saurin kuka duk an saba ganinsu bayan haihuwa. Kowace alama ita kaɗai tana da uzuri. Haɗuwarsu da daɗewarsu ne abin dubawa.

Game da gwajin, akwai abin da ya kamata ki sani don kada sakamakon ya ruɗe ki. Tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. Haifotalamus ne ke umartar fituwitari, fituwitari ta aika homon TSH ta cikin jini ya umarci tayirod, kuma idan tayiroksin ya wadata sai fituwitari ta ji, ta rage TSH. Idan tayirod ta wuce gona da iri, fituwitari takan janye umarninta kusan baki ɗaya, TSH ya faɗi ƙasa ƙwarai. Saboda haka TSH mai ƙaranci alama ce ta tayirod mai yawan aiki, mai yawa kuma alama ce ta tayirod mai kasala, akasin abin da mutum zai zata. Idan ya fita daga ƙa'ida, za a auna homon ɗin kansa, wato T4 da T3. Idan kina shan ƙwayoyin ƙarin gashi ko farce masu ɗauke da bayotin, ki sanar, domin yana iya gurɓata sakamakon, kuma akan nemi a dakatar da shi kwana biyu ko uku kafin a ɗebi jini.

Idan gwaji ya tabbatar da yawan homon, tambaya ta gaba ita ce dalili, kuma ga mai jego dalilai biyu ne a gaba. Dukansu daga garkuwar jiki suke, wadda ke sassautawa a lokacin ciki don kada ta yaƙi ɗan tayi, sannan ta dawo da ƙarfi bayan haihuwa, wani lokaci ƙarfin ya wuce kima. Na farko shi ne kumburin tayirod na bayan haihuwa, wanda ke samun kimanin mace ɗaya cikin 20. A nan garkuwar jiki ce ke raunata tayirod, homon ɗin da ta tara ya tsiyaye cikin jini. Yakan yi wata ɗaya zuwa uku, ajiyar ta ƙare, sannan sau da yawa a faɗa akasin haka: kasala, jin sanyi, ƙaruwar nauyi, bushewar fata da baƙin ciki. Mafi yawan mata suna warkewa a cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wasu kuma tayirod ɗinsu ba ta komawa daidai, sai su ci gaba da shan tayiroksin. Na biyu shi ne ciwon Graves, mai ɗauke da sunan likitan birnin Dublin, Robert Graves, wanda ya bayyana shi a 1835. A nan garkuwar jiki tana ƙera wasu sojoji da ke kwaikwayon TSH, su zauna a makarɓansa su yi ta umartar tayirod ta ƙara aiki, kuma ba sa jin umarnin dakatawa. Ya fi kama mata sau biyar zuwa goma fiye da maza, ba kasafai yake wucewa da kansa ba, kuma shi ne ke taɓa ido, musamman ga mai shan taba ko mai zama cikin hayaƙinta. Ganin cewa naki ya kai wata uku bai sassauta ba, ki tambayi likita kai tsaye ko za a yi gwajin sojojin da ke nuna Graves.

Bambancewar tana da muhimmanci saboda maganin ba ɗaya ba ne. Kabimazol yana hana tayirod haɗa sabon homon, don haka yana aiki a kan Graves, amma ba shi da amfani ga tayirod ɗin da ke tsiyayar da tsohuwar ajiya. Furofiranolol, wanda James Black ya ƙirƙiro a Birtaniya a shekarun 1960, yana toshe makarɓan adiranalin ne, shi ya sa yake rage bugun zuciya da rawar hannu a duka biyun, har ma da na fargaba, ko da yake ba ya taɓa tushen ciwon kuma ba a ba mai asma. Likitoci suna ba masu shayarwa waɗannan magunguna biyu a ƙayyadadden adadi, saboda haka kada tsoron yaye yaro ya hana ki zuwa. Abin da ba a yi wa mai shayarwa ko mai ciki shi ne magani ko hoto da aidin mai tiriri, don haka ki fara da faɗin cewa kina shayarwa kafin a rubuta komai. Kada ki sayi ɗaya daga cikin waɗannan da kanki, kada ki sha ƙarin aidin da sunan gyara tayirod domin yana iya ƙara rura wutar, kuma ki nisanci ƙwayoyin barci, ki rage abubuwan sha masu kafeyin, irin su kofi da shayi.

Akwai alamun da ba a jiran ranar ganin likita a kansu. Zazzaɓi mai zafi tare da bugun zuciya mai tsananin gudu, ruɗewa, amai ko gudawa mai yawa, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma, ko bugun da ya rikice ba tsari, duk suna bukatar a tafi sashen gaggawa a take. Idan kuma an ɗora ki a kan kabimazol sai kika yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ki dakatar da shi ki je a auna jininki a ranar, domin a wasu mutane ƙalilan yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Barin yawan tayiroksin ba magani tsawon lokaci yana gajiyar da zuciya, ya kuma rage ƙarfin ƙashi, wanda shi ne dalilin da ya sa na ce wannan mako.

Mai yiwuwa kuma gwajin ya dawo lafiya lau. Idan haka ta faru, a duba ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare bayan haihuwa kuma yana sa zuciya gudu, a duba sukari, a auna zuciyar da na'ura. Idan duk waɗannan sun fito lafiya, to a ɗauki batun damuwa da muhimmancin da ya cancanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu suna fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon baƙin ciki, kuma ana magance shi ta hanyar tattaunawa da ƙwararru, da magani idan ya kama. Kin riga kin ga cewa damuwa tana bin jijiya da jini ne kamar kowane ciwo, don haka ba raunin hali ba ce. Abin da za ki iya yi a kowane hali shi ne ki koyi jan numfashi a hankali, ki sa fitar da iska ta fi shaƙa tsawo, domin yayin fitar da iska ne jijiyar bagus ke ƙara riƙe zuciya. Numfashi sama-sama da sauri yana fitar da iskar kabon da yawa daga jini, ya jawo jiri da jin kamar ana soka allurai a yatsu da leɓe, wanda ke ƙara tsorata mutum. Idan kuma tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zo miki, ki faɗa wa likita da wani na kusa a ranar, kada ki riƙe shi.

Mahaifiyarki da maigidanki ba sa bukatar gardama. Ki gaya musu cewa kin yarda gajiya da tunani suna ciki, amma akwai wani ciwon wuya da ke kama masu jego wanda alamunsa iri ɗaya ne da na tunani, kuma gwajin jini guda ne ke rarrabe su. Maigidan da ya ƙirga bugun zuciyar matarsa tana barci ya samu 100 ba zai bukaci dogon bayani ba. Ki nemi ya raka ki, kuma ki nemi a karɓe miki yaron na wasu sa'o'i a jere ko da da rana ne, domin barcin da ba a katse ba yana cikin magani ko wane sakamako aka samu. Ki tambayi mahaifiyarki ko akwai mai maƙoƙo ko ciwon tayirod a dangi, domin yana bin jini, kuma likita zai so ya sani.

Idan aka fara magani, ki san cewa furofiranolol yana nuna aikinsa a cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan, amma kabimazol sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin ki ji canji na sosai, saboda sai ajiyar da ke cikin tayirod da wadda ke yawo a jini sun ragu. Za a riƙa maimaita gwajin jini ana daidaita adadin, kuma ga Graves akan sha maganin wata 12 zuwa 18, saboda haka kada ki daina don kin ji sauƙi. Idan kumburin bayan haihuwa ne, a ci gaba da auna TSH ko bayan alamun sun lafa, don a kama lokacin da tayirod za ta yi kasala, kuma ki sani yana dawowa bayan haihuwa ta gaba ga kusan mata bakwai cikin goma da suka taɓa yin sa. A duka halin biyu, ki tattauna da likita kafin ki sake ɗaukar ciki, domin ana son homon ɗin ya daidaita tukuna, kuma akan sauya kabimazol da wani magani a watanni ukun farko na ciki.